Na zana ɗan katun na tallan kunun gyaɗa, layik sun cika amma oda shiru, ina matsalar take?

Mai_Zanen_Dorayi

Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu harkar zane da masu harkar talla ku zo ku taya ni dubawa, kaina ya ɗaure wallahi.

Ni dai fosta da sitika da katin biki nake yi a nan Kano, shekara biyu kenan na fara taɓa katun mai motsi, da FlipaClip na fara a waya daga baya da Allah ya hore min laftof na koma Blender. To akwai wata Hajiya ƙawar yayata, tana yin garin kunun gyaɗa tana zubawa a leda mai zif, rabin kilo da kilo ɗaya, damawa kawai za ka yi ka ɗora a wuta minti kaɗan ya yi. Kunun yana da daɗi, wannan ba talla nake mata ba, na sha. Ta kira ni tace tana son in yi mata katun irin waɗancan jaruman na Indomie da yara suke haukar so. Nace Hajiya su wa kike so su gani? Tace kowa da kowa mana, akwai wanda baya shan kunu ne? Nima ban ja ba, nace haka ne.

Na zauna na zana yaro jarumi mai ƙwanji da jar alkyabba tana kaɗawa a bayansa, yana kurɓar kunun sai ya tashi sama ya zagaya dutsen Dala ya bi ta kan ganuwa ya sauka tsakiyar yara suna masa tafi. Daƙiƙa 45. Zane 12 nake yi a kowace daƙiƙa, ku lissafa, 540 kenan, sati uku ina kai, wasu ranakun a shagon cajin waya na ƙarasa saboda wuta. Muka saka a Facebook da Instagram muka biya dubu 30 aka tura shi, na zaɓi Najeriya gaba ɗaya, maza da mata, shekara 18 zuwa sama.

Layik kam sun shigo ba laifi. Amma in kun ga kwament ɗin, duk samari ne, "oga da wane af ka yi", "dan Allah ka koya min", "Arewa mun taso". Babu wanda ya tambayi nawa ne ledar. Oda uku aka samu, biyu a ciki 'yan uwan Hajiya ne. Yanzu in mun haɗu gaisuwar ma sama-sama take amsawa, kuma akwai ragowar kuɗina a hannunta.

Tambayata, yaron ne bai yi ba in sake zane, ko kuwa inda na jefa tallan ne kuskure? Na saka bidiyon a ƙasa ku kalla ku faɗa min gaskiya, ba zan ji haushi ba.

Uwar_Uku

Wa alaikumus salam. Ƙanina na kalla har sau biyu, hannunka yana da kyau tabarakallah, wurin da alkyabbar take kaɗawa ya burge ni. Amma tunda kace a faɗi gaskiya, ni ce mai sayen irin wannan kayan kuma ban ga inda ka yi magana da ni ba.

Ledar kunun sau ɗaya ta fito, a can ƙarshe, ita ma daƙiƙa biyu. In da a hanya na ci karo da shi ba nan ba, kafin yaron ya kai Dala na wuce, data tsada take. Ni ƙarfe shida da rabi na safe ina tsaye a kicin, ɗaya bai ga safarsa ba ɗaya yana kuka mai adaidaita yana hon a ƙofar gida, abin da nake son ji shi ne minti nawa zai ɗauke ni, kofi nawa leda ɗaya take fitarwa, an saka sukari ko ni zan saka, da tsamiya a ciki ko sai na jiƙa tawa, akwai lambar NAFDAC, nawa ne, kuma ana kawowa gida? Ko ɗaya baka amsa min ba.

Sannan ka faɗa wa Hajiya Indomie daban. Yaro zai iya riƙe kuɗinsa ya je shagon bakin layi ya sayo, wani ma ɗanya zai tauna a hanya. Garin kunu fa? Ba zai saya ba, ba zai dama ba, kuma a shagon ma babu shi sai an yi oda ta WhatsApp. Yarana basu da Facebook, wayata suke ara su yi gem. To wa aka zana wa jarumin?

Tsohon_Dan_Talla

Hajiya Uwar Uku ta riga ta yanke maganar, ni ƙari kawai zan yi tunda na ɗan daɗe a wannan harkar.

Malam, ranar da Hajiya tace maka kowa da kowa, ranar aka yi asarar dubu talatin ɗin nan, tun kafin ka ɗauki alƙalami. Duk ɗan kasuwa haka yake cewa, na ji ta daga mai sabulu, na ji daga mai katifa, har mai sayar da injin markaɗe ya taɓa ce min kowa ne kwastomansa. Ba ƙarya yake ba, tsoro yake kar ya ware wani ya rasa ciniki. Aikinka ne ka zauna da shi ka matsa masa da tambaya har ya fito maka da mutum ɗaya. A kayan ci kusan kullum mutum uku ne a ciki, mai sha, mai biya, da mai shagon da zai yarda ya ajiye a kanta. Wani lokaci su ukun mutum ɗaya ne, wani lokacin kuma ko sanin juna basu yi ba. Kai ka zana wa mai sha, ka tura wa waɗanda ba masu sha ba ba masu biya ba, wato samari masu son katun.

Kuma kar ka ga laifin Facebook. Ka bar masa ƙofa a buɗe kace ya nemo maka masu taɓa bidiyo, shi kuma ya san su wa ke saurin danna layik a kan katun mai tashi sama, ya kai musu. Abin da ka biya ya baka.

Bari in ba ka misali da waɗanda suka riga mu. Mutumin nan fari na Michelin da kake gani a shagunan taya, wanda aka yi jikinsa da tayoyi, a 1898 aka fara zana shi a Faransa. Ka nemo hotonsa na farko ka gani, ba wannan mai murmushin ba ne. Ƙato ne da ɗan tabarau a hanci, yana ɗaga kofi cike da ƙusoshi da fasassun kwalabe zai shanye, wai tayarsu tana haɗiye duk abin da ta taka, a wasu zanukan ma da sigarinsa a baki. Me ya sa? A lokacin masu kuɗi ne kawai ke da mota, to sai aka yi shi da kamanninsu da irin barkwancinsu. Da mota ta zama ta kowa, iyali suna shiga, sai aka cire sigarin aka rage masa tumbi aka sassauta fuskar. Mutum ɗaya ne, mai saye ne ya canza shi ma ya bi. Farin jikin ma ba ado ba ne, tayoyin wancan zamanin farare ne, sai daga baya aka fara zuba baƙin sinadari a roba.

Damisan Kellogg's masu abincin karin kumallo na kwali kuma, Tony, da ya fito a 1952 ba shi kaɗai aka zana ba, akwai wata dabbar Ostareliya mai aljihu a ciki da suka kira Katy, da giwa, da wata dabbar daji. Aka gwada aka ga wanda mutane suka fi ɗauka, shi ya zauna sauran aka ajiye su. Kai kuwa zane ɗaya ka yi, kai ka so shi, ka zuba masa sati uku ba tare da ka nuna wa ko uwa ɗaya ba. Da a takarda ka zana uku ka ba yayarka ta zagaya da su gidan suna, da ka ji abin da za a ce kyauta.

Akwai kuma na tsoro, don ka san katun yana da nasa halin, yana jan wanda zai ja ko ka kira shi ko baka kira ba. Kamfanin taba na R.J. Reynolds a Amurka ya fito da wani raƙumi ɗan gayu, Joe Camel, a 1988, suka ce manya suke nufi. A 1991 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken da ya nuna yara 'yan shekara shida suna gane raƙumin nan kusan yadda suke gane Mickey Mouse. Aka yi ta shari'a da surutu, a 1997 suka janye shi, a 1998 kuma yarjejeniyar da manyan kamfanonin taba suka yi da jihohi 46 ta hana su talla da katun kwata-kwata. Naka dai da sauƙi, samari ya jawo maka ba kotu ba.

Abin da zan ce ka yi, kuma ba ya cin ko sisi: ka je wurin Hajiya ka ce ta buɗe WhatsApp ɗinta, ku bi odar wata uku da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Wace ce, a wace unguwa, me take yi, wa ta saya wa, ta dawo ko bata dawo ba. Waɗanda suka dawo su ne naku. In kun gano su sai ka koma turawa, ka cire Najeriya gaba ɗaya, ka saka Kano da iya inda mai kai saƙonta zai iya zuwa, meye amfanin mutumin Fatakwal ya ga kunun da ba za a kai masa ba? Ka zaɓi a turo saƙon WhatsApp ba a danna layik ba. Kuma ka yi hattara da wurin zaɓen harshe, in ka saka Hausa kaɗai za ka zubar da mutane da yawa, saboda yawancinmu da Turanci wayarmu take ko da Hausa muke rubutu. Yara kuwa ka manta da su a can, ƙasa da shekara 13 ba a yarda su buɗe akawun ba ma.

Zanen_Motsi

Oga Tsoho na yarda da kai amma ba duka ba, ka wanke zanen da yawa. Ni a matsayin wanda yake cin abinci da wannan sana'ar, yaron ma yana da matsala ko da an tura shi daidai.

Abokina ka yi wannan gwajin: ka cika yaron da baƙi gaba ɗaya kamar inuwa, ka nuna wa wani. Zai ce jarumi ne, amma na wa? Zai iya zama na madara, na biskit, na man goge baki. Babu gyaɗa a jikinsa ko kaɗan. Ka yi wa na Michelin haka, jariri ma ya san tayoyi ne. Na biyu na ƙirga kaloli a jikinsa sun kai tara har da inuwa da ƙyalli. A allo lafiya lau, amma ranar da Hajiya za ta buga shi a jikin leda za ta gane, masu buga leda kowace kala da kuɗinta, kuma in aka matse shi ya koma girman kan kwalba duk ƙyallin nan zai dunƙule ya zama datti. Kala uku, da layi mai kauri, shi kenan.

Ni da ni ne, gyaɗar kanta zan ba ido da baki. Kwanso ɗaya mai ƙwaya biyu, dama Allah ya riga ya yi mata kai da jiki da ƙugu, ka ɗaura mata ɗankwali da zani, ludayi a hannu, ta zama irin innar nan ta unguwa da ta san kan kicin kuma bakinta baya shiru. Uwa za ta saurare ta don kamar maƙwabciya take, yaro kuma zai yi dariya don gyaɗa ce ke magana, ka ga ka jefi tsuntsu biyu. Kuma mu Kanawa da gyaɗa ba sai an yi dogon bayani ba, dalar gyaɗa tamu ce. Sai dai kar ka kuskura ka saka mata doguwar hula da sanda da gilashin ido ɗaya, wannan Mr. Peanut ne na kamfanin Planters, tun 1916 yake, wani ɗan makaranta ne ma ya zana shi a gasa aka ba shi dala biyar.

Batun zane 540 kuma, haba malam, za ka kashe kanka. Talla ba fim ba ce, Hajiya za ta dawo da azumi tace a yi na buɗa baki, ta dawo da komawa makaranta, ta dawo ranar da farashi ya tashi. Ka yanka jikin gida-gida, kai daban, hannu daban, baki kamar iri shida ko takwas, ka saka masa ƙashin da za ka riƙa motsa shi da shi a Blender ɗin ko manhajar Moho, sabon bidiyo ya zama aikin kwana biyu. Ka fara ɗaukar murya kafin ka motsa komai, sai ka bi ta da bakin. A tsaye za ka yi shi don waya, daƙiƙa 15 zuwa 20, leda ta fito tun daƙiƙar farko, farashi da lamba su zauna a rubuce don masu kallo ba sauti.

Sannan ku rubuta takarda, wa ke da gyaɗar nan, kai ko Hajiya. Na taɓa zana wa wani mai lemo ɗan tsuntsu a kan kuɗi kaɗan, yau yana jikin motocinsa da kwali da rigunan ma'aikata, aka ba wani yaro fayil ɗin yana ta juya shi, ni ko sannu. Laifina ne ban rubuta komai ba.

Dan_Maradi

Salama alaikum, daga Maraɗi nake bin ku. Abu biyu. Murya ta hi zane, mu nan mata da yawa saƙon murya suke yi ba rubutu ba, in innar gyaɗar ta iya magana ko hoto guda ne ba motsi za a tura ta gurup-gurup. Ku samu mace mai muryar gida, ba ta masu karanta labarai ba.

Na biyu, ba wanda ya taɓo shi, akwai mutanen da basa son zanen abu mai rai, wani mai shagon ba zai manna fosta mai fuskar mutum ba, wata uwar ma haka. Malamai sun yi magana a kai kuma fahimta ta bambanta, ni ba fatawa zan ba da ba, kowa ya tambayi malaminsa. Amma a matsayin kasuwa ka san da su. Ka yi wa Hajiya leda da fostar da za su tsaya da ƙafarsu ko an cire katun ɗin.

Wani abokina yana gefena wai a saka Gizo tunda kowa ya san shi. Nace masa wace uwa ce za ta karɓi abincin ɗanta daga hannun Gizo, wanda ko Ƙoƙi bata tsira ba.

Tsohon_Dan_Talla

Hahaha Gizo kam sai dai tallan tarkon ɓera. Zanen_Motsi na karɓi gyara, gwajin inuwar nan gaskiya ne.

Na manta abu ɗaya ɗazu. Duk abin da katun ya aikata bayan ya sha kayan, alƙawari ne ka ɗauka. Tashi sama kowa ya san wasa ne, amma in Hajiya ta fara cewa a nuna yaro ya warke ko ya zo na ɗaya a aji saboda kunu, ka ce mata a'a. Kayan ci NAFDAC tana da ta cewa a kan tallansu ba lamba kaɗai ba, sannan ga hukumar kula da talla ARCON da ta maye gurbin APCON a 2022, a ƙa'ida talla sai ta bi ta wurin masu tantancewarsu, har da na intanet. ARCON ɗin ce ma ta hana amfani da 'yan talla da masu murya na ƙasashen waje daga 1 ga Oktoban 2022, wannan kam ya yi wa irinku daɗi. Duniya ma can ta dosa, ƙasar Chile tun 2016 ta hana saka katun a kwalin abincin da sukari ko gishiri ko mai ya yi wa yawa, Tony ɗin da na ambata sai da aka sauke shi daga kwalayensu a can. In garin Hajiya babu sukari a ciki, wannan abin faɗa ne da babbar murya, innar gyaɗar ta fara da shi.

Mai_Zanen_Dorayi

Jama'a na gode Allah ya saka, Anti Uwar Uku maganarki ta zauna min amma na haɗiye.

Jiya bayan la'asar na je gidan Hajiya, da ƙyar ta ba da wayar, 'yarta ce ta riƙa karantowa ina rubutawa a bayan kwali. Mutum 26 muka samu. 19 mata ne kuma yawancinsu masu fita aiki, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, akwai layi guda na nas-nas da ɗaya ta jawo ɗaya. Huɗu ɗalibai ne a hostel. A cikin sauran akwai wani bawan Allah da duk wata yake sayen kilo biyu, ashe tsohuwarsa yake kai wa, haƙoranta sun ƙare kunu kawai take iya sha da safe. Hajiya da kanta ta yi shiru tace ita bata taɓa lura ba, tana ta yara yara.

Na zana gyaɗa iri uku a takarda, mai ɗankwali, mai hijabi da jakar aiki a kafaɗa, da wata tsohuwa mai carbi. Yayata za ta tafi da su suna ranar Asabar. Ni dai mai jakar ta fi kwanta min amma na koyi darasi, bakina alekum. Hajiya kuma ta kafe wai zanin sai ya zama ruwan hoda kalar ledarta, na ce mu bari a dawo daga sunan tukunna.

Oga Zanen_Motsi, bakin nan da kace shida ko takwas, ya kake yi da ƙ da ɗ da ts, kowanne da nasa ko kana haɗa su? Kuma muryar in na ɗauka da waya a cikin ɗaki na toshe taga da bargo zai wadatar, ko sai na biya situdiyo? Ragowar kuɗin nawa har yanzu bai fito ba shi yasa nake tambaya.